Ledar Kujerar Gaba

Poiana Rece,
farkon Maris

Zuwa ga matata Aglaia,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya aiki, yaya sanyin Torino, yaya kuma ciwon bayan nan naki? Yaya jikin tsohuwar da kike jinya? Allah ya ƙara mata lafiya, ko da yake tsofaffin ƙauyen nan da suka ga tafiyarki sun kusa ƙarewa, ita kuwa sai ƙiba take yi a hannunki. Ni lafiya lau nake. Kaji suna nan, alade ya fara cika ido, kare ya tsufa har ya daina yi wa kowa haushi.

Nelu, direban da ke zirga-zirga tsakaninmu da Italiya, ya kawo kwalin da kika aiko. Na ga kofi da taliya da sabulu, na gode. Rigar sanyin ta matse ni a ciki, amma ba laifinki ba ne, shekara bakwai ke nan da kika tafi aikin shekara ɗaya. Na ba Nelu cuku da zuma da wannan takarda. Kada ki ce me ya hana in jira Lahadi mu yi waya. Wayar Lahadi ba hira ba ce. Ni ina tsaye a tudun makabarta ina neman layi, ke kina raɗa don kada tsohuwa ta farka, kafin in gama tambayar lafiyarki kuɗin sun ƙare.

Na fara neman motar. Amma bari in maimaita alkawarin da muka yi a bakin ƙofa da kika zo bara, don kada wani cikinmu ya ce ba haka aka yi ba. Kin ce tunda bas ta daina shigowa ƙauye, in samu mota in riƙa kai tsofaffi asibiti, in riƙa ɗaukar cuku da ƙwai zuwa kasuwar Vaslui, abin da zan samu zai riƙe mu mu biyu. Kin ce za ki ci gaba da aiki har a gama biyan motar, ranar da aka gama kuwa ranar za ki ɗaure kayanki ki dawo gida gaba ɗaya. Na ce kin rantse? Kika ce kin rantse. Da wannan rantsuwar na fita.

Yanzu ba mai sayen mota da kuɗi a hannu, kowa haya yake ɗauka. Ka ba da kafin alƙalami, kamfani ya miƙo maka sabuwa dal, kana biya wata-wata, sai shekarun da aka yanka sun cika ta zama taka. Kafin nan kai ɗan haya ne a cikin motarka.

Talatar da ta wuce na sa kwat ɗina na zuwa coci na shiga gidan sayar da motocin nan na gilashi, wanda aka gina a inda tashar taraktocinmu take a da. Na tsaya daidai wurin da na yi shekara ashirin ina zuba wa tarakta mai, wani saurayi mai ƙamshin turare ya fara duban takalmina kafin ya dubi fuskata. Ya ba ni kofi a kofin takarda. Ya ce, "Kawu, kowa shekara biyar yake ɗauka, ba ka ma jin fitar kuɗin." Na ce ni biyu nake so. Ya ce, "Biyu? Kawu, zinariya ka haƙo a gonar masara?" Na ce a'a, matata nake so in haƙo daga Italiya. Ya yi ta dariya har ya kira abokin aikinsa ya maimaita masa. Ni ban ga abin dariya ba, na ajiye masa kofinsa na fito.

Su a wurinsu shekara lamba ce da ke rage kuɗin wata. Ni kuwa duk shekarar da suka ƙara, wata Kirsimeti ce da zan yanka alade in zauna in ci ni kaɗai. Saboda haka ki sani, ba kyau nake nema ba, ba girma ba. Duk wanda zai ba ni shekara biyu, ko amalanke ce ya sa wa inji zan karɓa.

Ban gaya wa Sorinel ba tukuna, ke ma kada ki gaya masa. Na san dillancin hayar motoci sana'arsa ce, na kuma san mu muka riƙe musu kyandir ranar aurensu da Mirela, mu ne iyayen aurensu a gaban Allah da jama'a. Ai shi ya sa ma. Baƙo ina iya yi masa tsawa, in ce ya rage, in fita in bugo masa ƙofa. Ɗan da na tsaya wa a coci kuwa, duk abin da ya miƙo mini sai dai in karɓa in sa albarka.

Ki gaida 'yan garinmu da kuke haɗuwa a coci. Ki riƙa sa safa, ƙafarki ba ta son sanyi.

Mijinki mai kewarki,
Gavril


Poiana Rece,
makon Ista

Aglaia, tsohuwata,

Almasihu ya tashi! Na amsa wa kaina da kaina cewa hakika ya tashi, tunda ba mai amsa mini a gidan. Ina fata kin yi biki lafiya, kuma sun bar ki kin je coci. Yaya bayan? Yaya tsohuwa? Na rina ƙwai ja kamar yadda kike yi, na rasa wanda zan gwara da shi, sai na gwara da bakin tebur. Tebur ne ya ci.

Ina da labari biyu, ɗaya mai daɗi, ɗayan kuma ban san inda zan ajiye shi ba.

Na zaga Vaslui kaf, na je Bacau har sau biyu. Na ga dillalai iri-iri. Akwai wanda ofishinsa ke saman kantin magani, zobe a kowane yatsa, ya ce in fara ba shi la'adarsa kafin ya buɗe baki. Akwai wanda ya zaunar da ni a wata baƙar mota ya kunna mini wuta a ƙarƙashin kujera, wai kujera mai ɗumama mazauni, ya ce in ji abin da Jamusawa ke ji. Na ce ni murhu gare ni a gida. Dukansu bakinsu ɗaya: biyar, biyar, biyar, kamar waƙar coci.

Sai a Bacau na dace da wata mata dillaliya, mai kamar shekarunki, wadda ta saurare ni har na gama ba ta yi dariya ba. Ta zagaya da ni bayan fili, inda suke ajiye abin da ya ƙi sayuwa. Aglaia, ban taɓa ganin mota mai muni irin wannan ba. Ƙarama ce, ƙirar gida, tun bara take zaune. Launinta ba rawaya ba ne, ba ƙasa-ƙasa ba ne, in kin tuna abin da ɗan maraƙi ke fitarwa a makonsa na farko, to shi ne. Ba na'urar sanyi, gilashi da hannu ake murɗawa. Matar ta ce sun ƙosa su rabu da ita, za a iya yin shekara biyu. Kuɗin wata yana da nauyi, amma bai wuce abin da muka ce za ki iya ba. Araha ba ta ado. Na dafa ƙofarta na ji kamar hannunki na riƙe, sai da na juya baya don kada matar ta ga idona.

Matsala ɗaya ce. Tun da aka rufe tashar taraktoci ba ni da takardar albashi, kamfani kuwa ba ya san mutum, takarda ya sani. Dole a yi da sunanki da takardun aikinki, ki kuma je ofishin jakadanci ki yi mini takardar wakilci.

Labari na biyu shi ne Sorinel. Ranar Litinin suka zo gaisuwar Ista shi da Mirela, da burodin biki da ruwan inabi kamar yadda aka saba. Ya sumbaci hannuna, ya zauna, ya ƙi cin komai. Can sai ya ce, "Nashu, uban aurena, me na yi maka?" Na ce kamar yaya? Ya ce, "Dillalan Bacau sun mayar da ni abin dariya. Wai ga uban aurenka can yana yawo da kwat gida-gida yana neman mota kamar wanda ba shi da kowa. In ba ka yarda da ni ba ne ka faɗa mini a gaban Mirela." Mirela ta sa kuka. Wallahi na rasa inda zan sa kaina. Gaskiya ce, ba mu haifa ba, su ne 'ya'yan da Allah ya ba mu, kuma na tsallake shi na tafi wurin bare.

To, na danƙa masa. Amma na kafa sharaɗi: mummunar motar nan ta Bacau, kuma shekara biyu. Ya dafa ƙirji ya ce, "Nashu, in na ƙara maka ko wata ɗaya, kyandir ɗin da ka riƙe mini ya ƙone ni." Ya ce la'adarsa ma ba zai karɓa ba, na ce ba a haka, sana'a sana'a ce. Ya karɓi lambarki don ya yi miki bayanin takardun. In ya kira ki ɗauka, ki yi abin da ya ce da wuri kafin wani mara ido irina ya ga motar ya so ta.

Shekara biyu, Aglaia! Ista biyu kawai zan ƙara gwara ƙwai da tebur. Na fara gyaran rumfar inabin da kike son zama a ƙarƙashinta.

Ki huta lafiya. Allah ya tsare mini ke.

Naki,
Gavril


Poiana Rece,
farkon Yuni

Zuwa ga matata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta tsohuwa, ina fata zafi bai fara damunku ba. Ni jikina lafiya. Zuciyata ce ba lafiya, kin kuma san dalili, amma abin da na kasa faɗa ranar Lahadi bari in rubuta shi.

Sorinel bai gaya mini ta waya ba, takanas ya zo. Ya zauna a ƙarƙashin rumfar da na gyara miki, ya cire tabarau, ya ce manyan kamfanin a Bukares sun ƙi. Wai albashin ƙasar waje ba abin dogaro ba ne, ba za su yarda da kuɗin wata mai nauyi ba, sai dai shekara biyar. Wai kuma a kan biyar ba sa ba da tsohon kaya, don haka ya samo mana wata babba, ƙirar Jamus, launin azurfa, kuɗin watanta bai ma kai na mummunar ba. Ya ce garaɓasa ce, duk lardin nan ba wanda ya taɓa samun irinta. Yana faɗa yana murmushi kamar ya kawo mini albishir.

Na so in ce ya nuna mini inda suka rubuta sun ƙi. Maganar ta zo mini har baki, ta koma. Yaya zan ce wa mutumin da ke sumbatar hannuna ya kawo shaida? Ai na kira shi maƙaryaci ke nan. Da baƙo ne da na kife masa tebur. Sai na zuba masa ruwan inabi na ce ya yi ƙoƙari.

Washegari na hau motar Bacau. Mummunar tawa ba ta nan, sai alamar tayoyinta a ƙasa. Matar nan mai kirki ta tafi hutu, saurayin da na tarar kuwa bai san komai ba sai shekara biyar.

Allah ya isa tsakanina da mutanen Bukares. Suna zaune a ofis mai sanyi, ba su taɓa wanke tsohuwar wani ba, ba su taɓa juya ta a gado da tsakar rana da bayan da ke ciwo ba, amma su ne za su ce kuɗinki ba abin dogaro ba ne. Rabin rufin gidajen lardin nan da kuɗin mata irinki aka yi shi. Su ma gidajen gilashin nasu da wane kuɗi suke cika? In an zo karɓa kuɗinku mai kyau ne, in an zo ba ku abin da kuke so sai ya zama abin tsoro.

Kin ji abin da na ce miki ranar Lahadi, kuma har yanzu ina kan bakana. A bar motar. Ki dawo haka nan. Iyayenmu da tuwon masara da cuku suka rayu, ba su mutu da yunwa ba. Amma kika ce, "Karɓi kawai, Gavril, ba laifinka ba ne, shekara biyar kamar gobe ne." Muryarki ko rawa ba ta yi ba. Kullum kin fi ni ƙarfin zuciya. Ni ne na zauna a tudun makabarta ina kuka kamar yaro, har Inna Safta, maƙwabciyarmu, da ke cire ciyawa a kabarin mijinta ta zo tana ba ni haƙuri, ta zaci wani ne ya rasu.

Na sa hannu ranar Laraba da takardar wakilcin da kika aiko. Ki yafe mini. Aiki ɗaya kika ba ni, in samo mana hanya gajera, na je na ƙara miki shekara uku na wankin kashin wata. In kin dawo ina da sittin da uku, in Allah ya kai mu.

Na ba Nelu zuma da busasshiyar tuffa. Ki shafa man nan a baya kafin ki kwanta.

Mijinki,
Gavril


Poiana Rece,
tsakiyar Yuli

Aglaia,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya gajiya? Yaya mutanen gidan? Nan dai zafi ake yi, masara na neman ruwa.

Mota ta iso. Abin haushin shi ne tana da kyau. Na so in tsane ta na kasa. Ba ta ƙara, ramukan hanyarmu ma lallaɓa su take yi. Ranar da na shigo da ita duk wanda ya rage a ƙauye sai da ya fito, wato tsofaffi da karnuka. Kowa na cewa Gavril ya yi dace, Gavril na da ɗan arziki. Ni kuwa ina kallonta ina ganin shekara biyar a tsaye a ƙofar gida da tayoyi huɗu.

Kujerun sun zo a lulluɓe da leda. Na cire duka ban da ta gaba, ta kusa da direba. Wannan taki ce, ke za ki cire ledar da hannunki, ke za ki fara zama a kai. Sorinel ma da muka taho daga Vaslui a baya na sa shi, yana ta dariya wai Nashu ya zama saurayi. Inna Safta ita ce fasinjata ta farko, ina kai ta asibiti duk Litinin saboda gwiwarta. Kullum sai ta roƙe ni gaba, wai ƙafarta ba ta lanƙwasuwa a baya. Na ce ta yi haƙuri, kujerar da mai ita. Ta ce, "Gavril, kafin mai ita ta zo ni na zama ƙasa." Na ce ko ta zama ƙasa a baya zan ɗauke ta.

Aiki ya fara shigowa. Ba laifi, ana samu.

Amma maganar da kika yi cewa ba za ki zo hutun Agusta ba ta tsaya mini a wuya. Na ji, 'ya'yan tsohuwa za su tafi bakin teku, za su ninka miki albashi. Su suna da Agusta, ke ba ki da shi? Na riga na tsara yadda zan je in ɗauko ki a tashar Vaslui, in buɗe miki ƙofa a gaban matan garin nan. Ki sake tunani.

Na so in jira ki kafin a sa wa motar albarka, amma Fada, limamin cocinmu, ya tare ni a hanya ya ce bai dace in ci gaba da ɗaukar rayukan mutane a motar da ba a yayyafa wa ruwa mai tsarki ba. Mun sa ranar Lahadi ta sama, bayan sujada. Zan yanka kaji, Mirela ta ce za ta naɗo kabeji da nama. Zan yi amfani da ɗaɗɗoyar da kika busar kika rataye a kusurwar addu'a, don a ce dai da hannunki a ciki.

Ki gaida kowa.

Naki kullum,
Gavril


Poiana Rece,
ƙarshen Yuli

Zuwa ga Aglaia,

Ina gaishe ki. Ina fata kina lafiya, ke da tsohuwarki, Allah ya ja kwananta. Ni ma lafiya nake, kada ki damu, ban yi wa kaina komai ba, ban kuma yi wa motar komai ba. Lahadin jiya ban hau tudun makabarta ba da gangan, ba layi ne ya ɓace ba.

Jiyan aka sa wa mota albarka. Fada ya sa na buɗe ƙofofi huɗu da murfin inji da na baya, ya tsoma ɗaɗɗoyarki a ruwa mai tsarki ya bi ko'ina yana yayyafawa. Da ya zo kujerar gaba ya ce in ɗaga ledar ruwan ya taɓa ta, na ce a'a Fada, a yayyafa a hakan, mai ita ba ta zo ba. Ya yi murmushi, mata suka ce Allah sarki. Ruwan ya taru a kan ledar ya gangara ƙasa.

Muka zauna cin abinci a ƙarƙashin rumfa. Kin san Mirela, kofi biyu na ruwan inabi sun isa su kwance mata baki. Ta ɗaga kofi ta ce a sha don lafiyar Nasha, uwar aurensu da ke Italiya. Muka sha. Sai ta ce, "Ai Nasha ita ce mace. Da an bi ta Nashu, da yanzu wancan kwandon mai launin kashi Fada ke ɓata wa ruwa. Tun ranar da ta kira Sorinel ta ce a soke biyun nan a mayar da shi biyar na ce masa, ka ga masu hankali." Sorinel ya kai mata shuri ta ƙarƙashin tebur, sai ya samu ƙafata. Har yanzu wurin a kumbure yake.

Fada ya shiga yabon kabeji.

Na tashi na ce Sorinel ya biyo ni, muka tsaya a jikin motar, ruwan ko bushewa bai yi ba. Na ce tambaya ɗaya zan yi masa, wadda ya kamata in yi tun a Yuni. Kamfani ya yarda da shekara biyun? Ya sunkuyar da kai ya ce ya yarda, har an buga takardu. Na ce to kyandir fa? Ya ce, "Nashu, kai uba ne, ita uwa ce, wa zan bi in bar wani? Kuma da sunanta aka yi, ita ke biya. Ta ce kada in gaya maka, hankalinka zai tashi." Ban tambaye shi ko la'adar babbar mota ta fi ta ƙaramar ba, wannan ko karena ya sani. Na ce ya faɗa mini abin da kika ce, yadda kika faɗe shi, kada ya gyara.

Ya ce kin ce a yi mafi tsawon da kamfani ke bayarwa. Ya ce miki biyar ne ƙarshe. Sai kika ce, "Babu shida?"

Da za su tafi ya kama hannuna zai sumbata, na zare na sa a aljihu, a gaban Fada da kowa. Yau duk ƙauye maganar da ake yi ke nan, wai Gavril ya hana ɗan aurensa hannu. Su yi ta yi. Shi dai dillali ne, ya sayar wa mai kuɗi abin da take so. Da ɗan gari akan ci gari.

Na yi ta neman miki uzuri, Aglaia, tun jiya nake nema. Na ce ƙila kuɗin watan ne ya yi miki nauyi. To da sai ki faɗa, in sayar da alade, in sayar da gonar inabi, in sayar da kwat ɗin ma. Wanda nauyi ya dama ba ya tambayar shida. Kuma kin bar ni na zagi mutanen Bukares, na ja musu Allah ya isa a kan laifin da ba su yi ba. Kin karanta takardar da nake roƙon ki yafe mini, kika aiko mini da kofi da sabulu. Kin ce ba laifina ba ne. Wannan dai gaskiya kika faɗa.

Sai yanzu nake duban gidan nan da idon kirki. Rufi ke kika ce a sake, shekara ɗaya. Da aka gama kika ce banɗaki mai ruwan zafi, don ba za ki iya komawa bayan gida na tsakar gida ba. Da aka gama kika ce katanga da ƙofar ƙarfe. Da aka gama kika ce mota. Duk lokacin da na ɗauka ina gina miki hanyar dawowa, ashe wa'adi nake ƙara miki. Ni kuma ina ta yawo da kwat daga Vaslui zuwa Bacau, yara suna mini dariya, ina ciniki a kan shekarun da ke ba ki ma so a rage.

Ba zan tambaye ki ko akwai wani ba. In akwai ba na son sani, in babu kuma ya fi ciwo, don ke nan gadon tsohuwar wasu da wankin kashinta sun fi miki zama da ni a ƙarƙashin rumfa. Shekara talatin da huɗu da aure, da kin dube ni a bakin ƙofa bara kin ce ba kya son dawowa, da na ji zafi, amma da ban rina ƙwai ina ƙirga Ista ba. Kin rantse, kuma ba ki karya rantsuwa ba, na ba ki wannan. Ranar kawai kika tura gaba.

Motar zan ci gaba da aiki da ita, tsofaffi na bukatarta. Ba ta yi mini laifi ba. Yau Litinin na je ɗaukar Inna Safta, ta fito da sandarta ta nufi ƙofar baya kamar kullum. Na ce ta dakata. Na buɗe gaba, na kama ledar na yage, na dunƙule na jefa a kwandon shara. Ta dube ni, na taimaka mata ta zauna ta miƙe ƙafarta. Sai da muka wuce gada ta ce kujerar akwai laushi.

Na ba Nelu zuma kamar kullum, kudan zuma ba su san abin da ake ciki ba. Abu ɗaya nake roƙo. Shekara biyar kamar gobe ne, ke kika faɗa. Ki rubuto mini tun yanzu abin da za mu saya bayan motar, in fara neman dillali da wuri.

Ki huta lafiya.

Mijinki,
Gavril